Tsakanin Gyara da Maneji

Akwai wata baƙuwar kalma da ta shigo bakin Hausawa ta zauna daram, har yaran yanzu suna ɗauka da ita aka haifi kakanninsu: maneji. Tambayi magidanci a Madalla labarin kujerar falonsa, wadda ƙafarta guda ta gurɗe aka tokare ta da bulo, zai ce ana maneji. Tambayi uwargida dalilin da ya sa tukwanenta da robobin hatsinta suke jibge a ƙasa inda laima da kyankyaso suke isa gare su, amsar ke nan. Daga Ingilishi aka aro kalmar, kuma a can ma'anarta ta haɗa da gudanarwa da iya sarrafa abu, amma da ta iso wurinmu sai ta zubar da wannan rabin, ta riƙe rabin da ke nufin zama da abu a lalace har Allah ya kawo kuɗin sabo. A ganina wannan kalma ta yi wa gidajenmu ɓarnar da ba a lissafa ba, domin ta tare gurbin wata kalma tamu da ta fi ta ƙarfi da daraja, wato gyara. Ƙananan ayyukan katako da mutum zai yi da hannunsa a gidansa da kuɗi kaɗan, kanta ko benci ko maratayin kaya, sun faɗo ne a ƙarƙashin gyara, kuma muddin muna kiransu maneji za mu ci gaba da jin kunyarsu, mu ƙi yin su, ko mu yi su a wulakance.

Gyara kalma ce mai faɗin gida. Manomi yana gyaran gona kafin saukar ruwa, alhali gonar ba karyewa ta yi ba. Mai magana yana gyaran murya kafin ya buɗe baki, baƙo yana gyara zama in hira ta yi daɗi, uwa tana gyara wa 'yarta hali, ana gyaran amarya, in al'amari ya cuɗe kuma mu ce Allah ya gyara. A kasuwa, bayan mai awo ta cika mudu ta juye, sai ta ɗebo ɗan abu ta ƙara a kai, wannan ƙarin ma sunansa gyara. A nan ne zuciyar kalmar take. Wanda ya karɓi gyaran mai tumatir bai zo da karyayyen abu ba, cinikinsa ne aka ƙara wa kyau. Ke nan a tunanin Bahaushe, mayar da abu yadda yake da ɗaga shi sama da yadda yake duk aiki guda ne, suna guda gare su. Daga wannan tushe aka sami gyartai, mutumin da ke bin unguwanni yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya, sana'ar da ba za ta taɓa tsirowa ba a cikin mutanen da ke jefar da abu don ya tsage. Har fi'ilin ya haifi “ya gyaru”, siffar da ke nuna aiki ya kama, ya kai inda ake so. Maneji ba ta haihu ba. Ba a cewa abu ya maneju, domin tun farko babu inda ake son ya kai.

Madalla wuri ne da wannan bambanci yake fitowa fili. Garin yana bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, tsakanin Zuba da Suleja, a gindin Dutsen Zuma wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100 tun 1999. Ƙasar Suleja ce, wadda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa birninta a 1828, kuma ita ce ta bayar da sunanta Abuja ga sabon babban birnin tarayya bayan dokar 1976, ta karɓi sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, garuruwan gefe irin su Madalla suka zama makwancin waɗanda ke yi wa birnin hidima amma kuɗin hayarsa ya fi ƙarfinsu: direbobi, masu gadi, ƙananan ma'aikata, malaman makaranta, 'yan tireda. Rusau ɗin da aka yi zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo iyalai da dama zuwa wannan yanki. Abin da ya biyo baya shi ne gari mai yawan gidajen haya, ɗaki guda ko ciki da falo, bango huɗu ba kanta ba kabad, kaya a cikin buhu da jakar gana-mas-go. Ga damina da ta fi ta Kano tsawo, tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, laima tana tasowa daga siminti ta shiga duk abin da aka ajiye a ƙasa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota zuwa wurin aiki ya cinye abin da a da ake ragewa don sayen kayan ɗaki. Mai jiran kuɗin sabon kabad a irin wannan hali zai daɗe yana jira. Amma kasuwar katako ta Dei-Dei tana nan kusa, kuma a cikin Madalla da Suleja ma ba a rasa rumfunan masu yankan katako.

Me ya raba magidanci da guduma tun farko? Amsar tana cikin kalmomi biyu da muke kiran mai aikin itace da su. Ta gida ita ce masassaƙi, kuma aikinsa ragewa ne. Yakan sami kututture guda na kirya ko maɗaci, ya yi ta sara da gatari da gizago har turmi ko akushi ko kujerar mata ta fito daga ciki, ba haɗi ba ƙusa. Ta biyu, kafinta, da Turawa ta zo, ta yaɗu bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 yana kawo yankakken katako daga dazuzzukan kudu, kuma aikinsa haɗawa ne: ya auna, ya yanka, ya buga. Tare da shi tebur da benci da kabad da kanta da falanki suka shigo harshenmu, dukkansu sunayen aro. Amma tsakanin masassaƙi da kafinta akwai mutum na uku wanda bai taɓa samun suna ba, don kowa ne shi. Shi ne maigidan da ke kafa rumfa da gofa, ya ɗaure danga, ya yi jinka, ya sa wa fartanya sabuwar ƙota, ya haɗa gadon kara, matarsa kuma ta saƙa ragaya ta rataye ƙwaryar nono nesa da kyanwa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sana'a, zaman gida ne kawai. Da gida ya koma na bulo da kwano, kara da zana suka ba katako da ƙusa wuri, sai sababbin kayan suka zo da baƙin sunaye, suka yi kama da mallakar wani mai sana'a na musamman. Hannun maigida ya koma aljihu. Turawa su ma sun bi ta wannan rami, shi ya sa sai da suka ƙirƙiro wa abin suna, wanda ya yaɗu a Ingila da Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a shekarun 1950, wai “yi da kanka”. A 1974 wani mai zanen kayan ɗaki ɗan Italiya, Enzo Mari, ya fitar da tsare-tsaren tebura da kujeru da gadaje waɗanda za a haɗa da ɗanyen falanki da guduma da ƙusa kawai, yana aika wa duk wanda ya nema kyauta. Mu ba mu bukatar ƙirƙirar suna, muna da shi.

A duba abin da falanki guda zai iya. 'Yan katako suna sayar da shi da tsawon ƙafa 12, faɗin inci 12, kaurin inci guda. A ƙara da sanda biyu na wanda suke kira tu-bai-tu, wato inci biyu kowane gefe, su ma ƙafa 12 kowanne. In aka raba falankin gida huɗu, an sami alluna huɗu masu ƙafa uku-uku. Daga sandunan biyu a fitar da dogaye huɗu masu ƙafa huɗu-huɗu, abin da ya rage ƙafa takwas ne, a yanka shi gajeru takwas masu ƙafa ɗaya-ɗaya. Dogaye biyu da gajeru huɗu su ba da tsani guda, a buga da ƙusa inci uku. A yi tsani na biyu kamarsa, a tsayar da su suna fuskantar juna, a shimfiɗa allunan a kan matakalai, a kama su da ƙusa inci biyu. An sami kanta mai hawa huɗu wadda ba ta taɓa bangon kowa ba, hawan ƙasa a ɗage da taƙi guda daga siminti don tsintsiya ta wuce, laima kuma ta rasa hanya. Katakon kasuwa ba kasafai yake cika awonsa ba, saboda haka a auna kafin a ja layi, a ja layi kafin a ɗauki zarto. In ƙusa za ta shiga kusa da bakin katako, a kifa ta a ɗan daki tsininta da guduma tukuna. Tsini mai kaifi yana shiga tsakanin jijiyoyin itace ya buɗa su har katakon ya tsage, dakusasshe kuwa yanke su yake yi ya wuce. Wannan ilimi ne na gaske, irin wanda ake samu a bakin tsofaffin kafintoci, kuma ba ya bukatar shekara uku na koyo.

Haka batun bencin da ke rawa. Mai maneji yakan ƙara masa ƙusa duk mako, benci ya ci gaba da rawa, domin ciwon ba na ƙusa ba ne. Duk abin da aka haɗa mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa, mai kusurwa uku kuwa ba ya motsi. Ƙyallen katako guda da aka gicciya daga saman wannan ƙafa zuwa ƙasan waccan ya isa ya tsayar da shi shekaru, kuma irin wannan gicciye ne ya kamata a buga a bayan kantar da aka ambata. Ƙofar da ke cijewa a watan Agusta ita ma tana da nata karatu. Itace yana shan laimar iska ya kumbura da damina, ya saki ya tsuke da hunturu. Wanda ya fusata ya kankare ƙyaure da yawa a tsakiyar damina zai wayi gari a Janairu da ƙofa mai ɓula wadda ƙura da sanyi ke ratsawa. Mai gyara yakan shafa alli a bakin ƙyauren ya rufe ya buɗe, ya ga daidai inda ya goga, ya rage wurin kaɗai. Maneji ba ta tambayar dalili, gyara kuwa daga tambayar dalili take farawa, shi ya sa na ce ta fi daraja.

Mai suka zai ce araha ba ta ado, ƙaramin sani kuma ƙuƙumi ne. Zai tuna mana da gyaran gangar Auzinawa, wanda akan fara da abu mai ɗan rauni a gama da abin da ba ya moruwa. Gaskiya ne akwai wanda zai sayi falanki ya ɓata shi, ya koma wurin kafinta ya biya sau biyu. Amma wannan magana tana nuna iyakar gyaran gida ne, ba ta rushe shi. Iyakar kuwa a fili take. Duk abin da ke bisa kan mutane, katakon rufi da silin da madogarar tankin ruwa, da duk abin da ya ratsa wayar lantarki, na mai sana'a ne, domin kuskure a can rai yake ci. Abin da ke ƙasa da kafaɗa, wanda in ya karkace asarar ba ta wuce ƙusa da rabin yini ba, nan ne filin maigida. Ita kanta karin maganar araha ana yawan ɗora ta inda ba wurinta ba. Arahar da ba ta ado ita ce ta kabad mai sheƙi da aka yi da garin katako da gam, wanda ruwa ya taɓa gindinsa sau ɗaya ya kumbura ya ruɓe, ƙusa ba ta kama shi, ba ya gyaruwa. Kantar falankin malaina da aka goge aka shafa wa fenti ta fi shi tsawon rai, kuma in ta saki ana iya sake buga ta.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na son in wuce ta da sauri: in kowa ya zama kafintan gidansa, me kafinta zai ci? Al'ummarmu ta ginu bisa rabon sana'a, maƙeri da magini da majemi da masassaƙi kowa da gadonsa da sarkinsa, kuma akwai hikima a cikin barin kowa ya ci daga hannun ɗan'uwansa. Sai dai a duba wane aiki ake magana a kai. Kujerar da aka tokare da bulo shekara biyu ba ta taɓa zama cinikin kafinta ba, domin ba a kai masa ita ba kuma ba za a kai ba. Shi ma in aka kira shi daga shagonsa don ƙusa huɗu, ladan ba ya biyan yininsa. Aikin da gyaran gida ke ɗaukewa daga hannun maneji yake ɗauke shi. Bugu da ƙari, mutumin da ya taɓa riƙe zarto ya ji yadda yankan miƙaƙƙen layi yake da wuya, shi ne ba zai raina kuɗin da kafinta ya yanka masa a kan gado ko ƙofa ba, kuma shi ne zai gane ɗanyen katako daga busasshe, ya daina zargin mai aiki da laifin itace. Hausawa sun ce kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Wanda ya gwada hawa yakan sauko da girmama gwani. Kakanninmu da suka iya sa ƙota ba su kashe kasuwar maƙeri ba.

Sai mai cewa gidan ai na haya ne, don me zan ƙawata wa wani dukiyarsa, bayan gobe yana iya ba ni notis? Wannan ita ce hujjar da ta fi yawo a gari irin Madalla, kuma ita ce ta fi cutar da masu yin ta. Bangon na mai gida ne, amma shekarun da yara za su yi suna karatu a kwance a ƙasa don babu tebur, na mai haya ne. Katako kuwa ya bambanta da siminti ta wannan fuska: abin da aka yi da shi yana bin mai shi. Kanta mai tsayuwa da ƙafarta, benci, akwatin takalma, ɗan tebur na yara, matattakalar da ke ɗaga buhun shinkafa daga ƙasa, duk suna hawa bayan a-kori-kura ranar tashi. Batun lokaci ya fi wannan gaskiya, domin wanda ya fita da asuba don tsere wa cunkoson Zuba ya dawo bayan isha'i ba shi da ƙarfin guduma. Amma kanta guda aikin Asabar ɗaya ne, kuma mai katako yana yanka falanki daidai awon da aka ba shi kafin a bar rumfarsa.

Akwai kuma maganar daji, wadda ta cancanci a ji ta. Mun ga abin da ya sami madobiya, itacen da aka yi ta sarewa a Taraba da Kogi da sauran wurare ana loda wa kwantena zuwa Sin, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa shi cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido daga 2017, ta kuma dakatar da fitar da shi daga Nijeriya a 2018. Mai kishin daji yana da dalilin tsorata in ya ji ana kiran jama'a zuwa ga katako. Amma kujerar da aka gyara itace ne da ba a sare ba. Galibin abin da gyaran gida ke bukata ma yana cikin abin da aka riga aka yar: ragowar yanka a gindin injin masu katako, falankin da magina suka cire bayan kankare ya bushe, tsohon gado, akwatunan da aka zubo kaya a ciki. A nan akwai hattara guda biyu. Katakon da ake ɗora kayan kwantena a kai yakan zo da hatimi. Mai haruffan HT da zafi aka gasa shi, mai haruffan MB kuwa da guba aka turara shi, kada a kai shi inda abinci ko yara suke. Baƙin man inji da ake shafa wa katako don korar gara shi ma na dirkar waje ne, ba na kantar kicin ba.

Abin da ya rage bayan duk waɗannan shi ne kunya, kuma ita ce ainihin aikin da kalmar maneji ta yi mana. Magidanci mai albashi yana jin in maƙwabta suka gan shi tsugune da zarto za su ce abin ya kai shi bango. Wannan kunya ba ta da tushe a addini ko a al'ada. Alƙur'ani ya siffanta jirgin Annabi Nuhu da kayan haɗinsa, alluna da ƙusoshi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya kafinta ne, an kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa a cikin gidansa. Maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda suke da yawa a Madalla, sun san Yusufu mijin Maryamu da sana'ar kafinta. A ƙasar Suleja ɗin nan Ladi Kwali ta yi aiki a cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa, ta shiga a 1954, kuma abin da ya kai hotonta jikin naira 20 ginin tulu ne da hannu, aikin da matan Gwari suke yi don amfanin gida. Hukuma ma ta taɓa gane wannan, tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya sa aikin katako cikin karatun ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa darasin ya tsaya a kan allo, yara suna haddace sunayen kayan aikin da ba su taɓa riƙewa ba. Gida ne zai cike wannan giɓi, ga 'ya'ya maza da mata, domin uwargidan da ke sarrafa taɓarya guduma ba za ta gagare ta ba.

Ga magidancin Madalla da uwargidansa: guduma, zarto, tef ɗin awo, fensir, da ƙusa inci biyu da inci uku sun isa farawa, kuma gidaje uku a tsakar gida ɗaya suna iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa. Ranar hutun da ke tafe a janye bulon nan daga ƙarƙashin kujera, a kifa ta a tsakar gida, a kira yara su riƙe tef, a duba inda ta saki.